Tayoyi Kamfani Ɗaya, Kama Daban: Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Raba Na Gaba da Na Baya

Wani maƙwabcina ya sayo Mercedes C-Class ta hannu daga Kwatano. Kwana biyu yana wanke ta safe da yamma, rana ta uku sai ga shi a ƙofar gidana rai a ɓace, wai dillali ya cuce shi. Tayoyi huɗun duk Continental aka rubuta musu, amma na baya sun fi faɗi, sun cika wili fam, na gaba kuwa sirara ne. Har ya fara lissafin kuɗin da zai kashe ya mayar da su iri ɗaya. Muka durƙusa muka karanta: na gaba 225/45 R17, na baya 245/40 R17. Muka buɗe ƙofar direba, sai ga takardar kamfani manne a jikin ginshiƙi da waɗannan lambobi biyun. Haka aka ƙera motar. Da ya bi zuciyarsa, da kuɗinsa ya ɓata abin da yake daidai.

Ni kuwa akasin haka ya same ni. Na daɗe ina ganin tayoyin gaban Corolla ɗina sun ɗan bambanta da na baya, ina cewa ai gaba ce, dole ta fi ci. Ranar da aka ɗaga motar za a sauya birki, sai ga gefen ciki na taya ɗaya ya suɗe har waya ta leƙo, alhali gefen waje, wanda nake gani kullum, yana nan da zanensa.

Wani bambancin daga kamfani yake, wani daga mai sayarwa, wani kuma motar ce take kai ƙarar kanta. Daga tsaye ba ka iya rarrabe su, sai ka tsuguna ka karanta rubutun jikin taya, sannan ka auna.

Shiri

Yi wannan aiki da safe, motar ta kwana ko aƙalla ta yi awa uku ba ta motsa ba, a wuri shimfiɗaɗɗe ba gangare ba. Tanadi ruwa da sabulu da burushi, fitilar waya, gejin iska, tsinken ashana, rular ɗan makaranta, takarda da biro. Wanke gefen tayoyin ka bar su su bushe, kada ka shafa musu man ƙyalli. Raba takardar gida huɗu: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. Duk abin da ka karanta ka rubuta shi a gidansa, domin kai ba ya riƙe lambobin taya huɗu.

Mataki na farko: bayan sunan kamfani, mene ne sunan tayar?

Michelin ko Bridgestone ko Dunlop sunan gida ne, kuma gida ɗaya 'ya'yansa da yawa. A Michelin akwai Primacy, akwai Energy, akwai Pilot Sport. A Bridgestone akwai Turanza, Ecopia da Dueler. Kowanne da zanensa, da taurin robarsa, da aikin da aka yi shi dominsa. Mai shago zai ce maka "duk Michelin ne, Alhaji", kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai gama maganar ba.

Kula da lambar da ke bin sunan. Primacy 3 da Primacy 4 wa da ƙani ne, ba tagwaye ba. Idan ka sayi biyu bara, bana ka ƙaro biyu, mai yiwuwa kamfani ya riga ya sauya samfuri. Ko a samfuri ɗaya ma, siririyar taya takan zo da manyan kwari uku masu zagaye ta, mai faɗi ta zo da huɗu. Wannan ba alamar jabu ba ce.

Mataki na biyu: lambobin girma

Ɗauki 205/55 R16 misali. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu ita ce mutane suka fi kasa ganewa: ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda zane ya fara, kashi 55 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 113 ko kusa da haka. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, 16 kuma girman wili ne a inci.

Ga inda ake yawan samun tangarɗa. Ka je neman 205/55 R16, babu, mai shago ya miƙo 205/60 R16 ya ce ai duk sha shida ne, za ta hau. Za ta hau ɗin, amma gefenta milimita 123 ne. Sama da ƙasa idan ka haɗa, ta fi 'yar'uwarta tsayi da santimita biyu. Idan a baya aka sa irinta, za ka ga na baya sun yi ƙiba sun cika mazauninsu, na gaba suna kamar an matse su.

Kwatanta abin da ka rubuta da takardar kamfani. Tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a bayan murfin tankin mai, tana kuma cikin littafin mota idan bai ɓata a hanya ba. Idan girma ɗaya aka rubuta, to huɗun su zama ɗaya. Idan biyu ne, irin motar maƙwabcina ce. Motoci masu tura kansu da ƙafar baya, irin wasu Mercedes da BMW, akan ba su faffaɗar taya a baya domin a can ƙarfin inji yake sauka. A wasu BMW 3 Series za ka ga 225/45 R17 a gaba, 255/40 R17 a baya. Yi lissafi ka gani: gefen ta gaba milimita 101, na ta baya 102. Faɗi ya bambanta da santimita uku, tsayi kuwa kusan ɗaya, da gangan aka tsara shi haka.

Tun kana tsugune, dubi wilin shi ma. Taya ɗaya idan ta hau wili mai faɗi gefenta yakan miƙe, idan ta hau siriri sai ta yi kumatu. Faɗin wili yana rubuce a bayansa, kamar 6.5J ko 7.5J, sai an kwance ake gani. Motar da ta taɓa faɗawa rami aka sauya mata wili ɗaya a kasuwar kayan gyara takan zo da wannan matsala.

Mataki na uku: ƙananan haruffan da ke bin girma

Bayan girma za ka ga lamba da harafi, kamar 91V. Lambar nauyin da taya za ta iya ɗauka ce: 91 kilo 615, 94 kilo 670. Harafin kuma iyakar gudu: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Mai alamar XL an ƙarfafa cikinta domin ta ɗauki iska da kaya fiye da ta kullum. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyin da kamfanin mota ya rubuta, musamman a baya, idan kana cikin masu cika but da buhuna ranar kasuwa.

Wasu alamomin na kamfanonin mota ne da suka sa aka yi musu taya ta musamman: tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, N0 ko N1 na Porsche. Suna ɗaya, girma ɗaya, amma zanen da robar sukan ɗan bambanta da na wadda ake sayarwa kowa. Akwai kuma wani leɓe na roba da yake fitowa kusa da bakin wili domin kare shi daga gugar dakalin titi. Continental na sa masa FR, Dunlop MFS. Mai leɓen da marar shi idan suka tsaya gefe da gefe sai ka rantse ba girmansu ɗaya ba.

Alama ɗaya ce a nan nake so ka tsaya a kanta: hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Tayar sanyi ce, ko ta kowane yanayi da aka gwada a kan dusar ƙanƙara. Ta sanyi zalla za ka gane ta da ƙananan tsage birjik a kan kowane tubalin zane, da laushin roba. Suna shigowa da yawa cikin 'yan Beljiyam, zanensu da zurfi, kyan gani a ido. An yi robarsu ne don sanyin Jamus ko Kanada. A kwaltar Sakkwato cikin watan Afrilu sai ta yi ta narkewa a hankali, ta ci da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. Idan ka same ta a gaba, ta zafi a baya, ka samo amsar tambayarka, ka kuma samo abin sauyawa.

Mataki na huɗu: ranar haihuwa

Nemi haruffan DOT, ka bi jerin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta su huɗu. Idan uku ka gani, tayar ta girmi wasu direbobin da ke kan titi yau. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, saboda haka idan ba ka gan ta a waje ba, haska fitila ta ciki.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja ba da jimawa ba, tayar mota a Najeriya ta koma kayan shigowa. Kamfani ɗaya yana da masana'antu a ƙasashe da dama, shi ya sa za ka ga biyu daga Tailan, biyu daga Turai, siffar haruffa da adon gefe sun ɗan saɓa. Wannan kaɗai ba aibi ba ne. Tazarar shekaru ce abin dubawa. Tsohuwar roba takan bushe, ta dusashe, ta yi faso kamar diddige a hunturu, a gefe da kuma cikin kwarin zane. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu daga ranar ƙerawa. Michelin kuwa cewa take a riƙa kai wa masani ya duba kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma a wuce goma ko da zanen na nan. A zafinmu da ramukanmu ni ba na jiran goma.

Ka kuma shafa wurin lambar da yatsa. Idan ya fi sauran jiki kaushi, ko ya yi kamar an goge an sake bugawa, bar musu kayansu.

Mataki na biyar: ina ta fuskanta?

Taya mai zane kamar kan kibiya tana da alamar kibiya a gefe da kalmar ROTATION. Dole kibiyar ta bi juyin ƙafa idan mota na tafiya gaba. An juya ta, zanen zai riƙa tara ruwa ƙarƙashinta maimakon watsar da shi. Wata kuma rabin zanenta na waje daban, na ciki daban, an rubuta mata OUTSIDE da INSIDE. Muddin OUTSIDE kake gani daga waje, daidai take, ko da tsagen ta dama sun kalli sama na ta hagu sun kalli ƙasa. Idan ta gaba tana nuna OUTSIDE ta baya tana nuna INSIDE, mai faci ne ya yi sauri, koma ya juya maka.

Ɗigon ja ko rawaya a gefe, layukan fenti a kan zane, da 'yan gashin roba, duk alamun masana'anta ne a sabuwar taya. Na gaba sukan riga gogewa.

Mataki na shida: iska

"Tayar gaba ta yi ƙasa." Wannan ne ƙorafin da mai faci ya fi ji, kuma yawanci ba ta yi ba. A Corolla, Camry, Accord, Golf da ire-irensu, inji da giya duk a gaba suke, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin mota yana kan tayoyi biyun nan. Ko iska ɗaya ka ba huɗun, na gaba za su ɗan baje a ƙasa, na baya su tsaya cak.

Kuskuren shi ne a ce wa mai faci ya ƙara har sai ta miƙe. Yana dukan ta da ƙarfe yana sauraro, kafin ka ankara ya kai ta 45 ko 50. Lambar da ke jikin taya bayan kalmar MAX iyakar abin da za ta jure ce, ba abin da motarka ke so ba. Abin da motar ke so yana kan takardar nan ta ƙofa, ƙananan motoci da yawa tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi, kuma wasu gaba daban baya daban, da wata lambar ta ranar lodi. Idan a ma'aunin bar aka rubuta, bar 2.2 shi ne psi 32.

Sayi gejinka. Na bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa fiye da yadda mai shi zai tuna. Auna taya tana sanyi. Idan ka taso daga Kano ka tsaya a Zariya ka ga iska ta hau, zafi ne, kada ka rage, za ta sauka da kanta.

Mataki na bakwai: karanta cin taya

Nan ne motar take magana. Murɗa sitiyari har ƙarshe domin ka ga faɗin tayar gaba gaba ɗaya. Ta baya kuwa sai ka kwanta da fitila, ko a ɗaga ta da jak. Soka tsinken ashana cikin kwarin zane, riƙe da farce daidai bakin roba, ka ɗora a rula. Yi haka wuri uku a kowace taya: waje, tsakiya, ciki. Sabuwa takan zo da kusan milimita 7 zuwa 8. A cikin kwarin akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, inda aka sa TWI ko ɗan kusurwa uku a kafaɗa. Zane ya zo daidai da su, tayar ta ƙare. Idan damina ta kusa, ni daga milimita 3 nake fara neman kuɗi.

Idan na gaba sun fi na baya ci amma cin ya tafi daidai daga gefe zuwa gefe, kafaɗunsu sun ɗan zagaye, wannan halin mota mai ja da gaba ne: su ke ja, su ke shan kwana, su ke ɗaukar mafi yawan birki. A Hilux, Hiace ko tsohuwar Peugeot 504, na baya ne ke turawa, don haka su suke ci a tsakiya, na gaba a kafaɗa.

Sauran kamannin kuwa kowanne da laifin da yake nunawa. Tsakiya kaɗai ta ci, iska ta yi yawa. Kafaɗu biyu sun ci tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Gefe ɗaya kaɗai ya ci, ƙafa ta karkace, a duba tayarod, boljoyin da bushin kafin a yi alaimen, domin saiti a kan kayan da suka saki zubar da kuɗi ne. Shafa tafin hannu daga waje zuwa ciki ka dawo: idan tafiya sumul dawowa kaifi, tayoyin ba sa kallon gaba sosai, ana jan su a karkace. Idan kuma ka bi zagayen taya ka ji tudu da kwari kamar kunyar gona, shokazoba ta mutu ko balansin ya tafi. Wannan ya fi yawa a baya, shi ne kukan nan na "wuu-wuu" da ake ɗora wa boris laifinsa a sauya shi a banza.

Ƙullutu a gefen taya ba ya cikin abin da ake tattaunawa. Zaren ciki ne ya tsinke, yawanci daga dukan rami, kuma faci ba ya gyara shi. Sa safaya tun a nan.

Mataki na takwas: launi

Wilin gaba ya fi baƙi saboda ƙurar birki. Ruwan ƙasa-ƙasa da ke fitowa a gefen taya kuwa wani sinadari ne da aka cuɗa cikin roba don kare ta daga tsagewa, yakan taso sama ya sauya launi idan ya haɗu da iska. Sabulu da burushi sun ishe shi. Kada ka bari yaron wankin mota ya goge da fetur, kananzir ko baƙin mai.

Abin da za ka yi da takardarka

Fara kwatanta dama da hagu kafin gaba da baya. Biyun da ke gaba su zama samfuri ɗaya, girma ɗaya, zurfin zane kusa da juna, haka ma biyun baya. Saɓani tsakanin gaba da baya a suna ko ƙasar ƙira, mota mai ja da ƙafa biyu za ta iya zama da shi. Saɓani tsakanin dama da hagu shi ke fizgar mota gefe idan ka taka birki da ƙarfi. Mai ja da ƙafa huɗu kullum, irin Subaru ko wasu Highlander da RAV4, ba ta son ko na gaba da baya, domin tayar da ta fi gajarta tana juyi fiye da sauran, kayan rarraba ƙarfi ne ke shan wahalar.

Idan cin gaba ne kawai, maganinsa juya tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A mai ja da gaba, na gaba su koma baya kowace a gefenta, na baya su zo gaba a gicciye. A mai turawa da baya, na baya su zo gaba a miƙe, na gaba su koma a gicciye. Masu kibiya ba sa tsallaka gefe. Masu girma biyu irin na maƙwabcina ba sa zuwa gaba da baya sam, sai dai dama da hagu idan ba masu kibiya ba ne. Bayan juyi a sake daidaita iska.

Idan kuɗin biyu kawai gare ka, sa sababbin a baya, ka kawo na bayan gaba in suna da sauran zane. Na san mai faci zai ce maka, "Yallaɓai, ai gaba ake sa sabuwa, nan inji yake." Kamfanonin taya da kansu baya suke cewa, ko da motar da gaba take ja. Idan gaba ta zame a kan ruwa, kana ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur ta dawo. Idan baya ce ta zame a kwana, gindin mota ne zai zagayo, kuma direbobi kaɗan ne ke iya tare shi. Tsaya a kansa har ya ɗaure, ka duba kibiya da OUTSIDE da idonka, ka sa ya ɗaure notuna a gicciye, sannan ka sake taɓa su da sifana bayan ka yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari.